Hadarin Gabas da Gidajenmu a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya zauna a ƙasar Tambuwal, ko a Kebbe da ƙauyukan da ke bin gaɓar Gulbin Zamfara, ya san babu abin da talaka yake roƙo da hawaye kuma yake tsoronsa a lokaci guda kamar hadarin farkon damina, domin abin da aka fita bayan gari aka yi sallar roƙonsa, bayan zafin bazara ya gallabi mutum da dabba, shi ne kuma yakan iso da la'asar sakaliya ya yaye rufin makaranta, ya kayar da katangar da aka jingina da ita shekara da shekaru, ya karya turakun lantarki a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya bar mai gida tsaye da iyalinsa a tsakar gida ba su san inda za su shimfiɗa tabarma ba. Kashegari jama'a su taru su jajanta, a ce ƙaddara ce, kuma lalle ƙaddara ce, babu Musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma fukaha'unmu na mazhabar Malikiyya, waɗanda ba su gaza kowa imani da ƙaddara ba, sun raba hasara kashi biyu: akwai ja'iha, wato annobar da ta sauko daga sama wadda babu mai ikon ture ta, akwai kuma tafriti, wato sakacin wanda yake da ikon gyara bai gyara ba. Nufina a nan shi ne mu ɗauki wannan ma'auni nasu mu auna guguwar damina da shi, mu ga nawa ne nata, nawa ne namu.

Farko dai ya kamata a san yadda abin yake haɗuwa. Iska biyu ne ke rabon shekara a ƙasarmu. Ɗaya busasshiya ce, tana fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce mai kawo hunturu da ƙura. Ɗayar kuwa mai laima ce, tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Idan bazara ta yi nisa, wajen watan Afrilu da Mayu, mai laimar takan turo arewa har ta shigo ƙarƙashin busasshiyar, rana kuma ta gasa ƙasa, iskar da ta yi zafi ta tashi sama da tururinta, ya daskare ya zama gajimare mai tsawon da ya wuce kilomita goma. Can sama kuwa akwai wata iska da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce ke jan ragamar gajimaren, shi ya sa galibin hadarin da ke yi mana ɓarna daga gabas yake ɓullowa, ta wajen Gummi da Anka, ya ratsa mu ya nufi Jega da Argungu. Ba dunƙule guda yake tafiya ba, sahu yake yi, mai iya kai tsawon ɗaruruwan kilomita daga kudu zuwa arewa, kuma mafi yawan ruwan da ƙasashen Sahel ke samu a shekara irin wannan hadari ne ke kawo shi. Ashe ke nan ba abu ne da za a roƙi Allah ya kawar gaba ɗaya ba, domin in ya ɗauke, gero ma ya ɗauke.

Ƙurar da ke riga ruwa isowa kuwa, sababinta shi ne ruwan da ke zuba cikin hadarin yana sanyaya iska, iskar ta yi nauyi ta faɗo ƙasa, ta bazu gaba da gudu. Kowa ya san alamarta. Gari yakan yi tsit, ganyen dogonyaro ya daina motsi, zufa ta riƙa tsattsafowa ko mutum yana zaune. Sai gabas ta yi ja ta koma baƙi, awaki su fara kuka suna neman gida, mata su fito da gudu suna kwashe shanya da tattara itacen girki, ana ƙwala wa yara kira, mai tsire ya kife tukubarsa, 'yan kasuwa su riƙa naɗe rumfa ba a gama ciniki ba. Tsakanin wannan sanyin farko da ya bugi fuska da isowar guguwar kanta, sau da yawa bai wuce abin da mutum zai yi alwala ya yi salla ba. Wanda bai shirya tun watanni kafin nan ba, babu shirin da zai yi a wannan ɗan taƙi sai rufe ƙofa.

Dattawa suna cewa hadarin yanzu ya fi na da fushi, kuma ba tsufa ne ya sa su faɗin haka ba. A shekarar 2017 wasu masana a ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor na Ingila suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Nature, bayan sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka nuna cewa mafiya tsananin haduran Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, bambancin zafin nan kuwa shi ke ƙara wa hadari ƙarfi. Abin lura a nan shi ne mutanen da suka gina mafi yawan unguwanninmu na yanzu sun tashi ne cikin zamanin fari, sun ga na 1973 sun ga na 1984, suka saba da ƙarancin ruwa har suka ɗauka haka duniya za ta dawwama; aka yi gini a kwari, aka cike kududdufi aka yanka filaye, aka toshe hanyar da ruwa ya saba bi tun kafin a haifi kakanninmu. Da ruwan ya komo, kuma ya komo yana zuba a dare guda abin da da yakan raba cikin mako biyu, sai ya tarar da ɗakuna a kan hanyarsa.

To, yaya magabata suka zauna da wannan iska? Tambuwal tsohon gari ne, ribaɗi ne tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma maginansa sun gaji sani wanda ba a rubuta shi a littafi ba amma yana nan a jikin bango. Soron ƙasa nauyi gare shi, iska ba ta da inda za ta kama shi. Ana jera azara ta giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daddaɓe, a ɗaga rawani a gefen rufin, a fitar da indararo mai tsawo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango, a shafe da makuba da aka jiƙa daga kwasfar ɗorawa. Magini ya san bangon gabas shi ne ke shan dukan ruwa, saboda haka shi ake fara yi wa yaɓe, shi ake ƙara wa kauri, kuma ba a cika buɗe masa ƙofa ko babbar taga ba. Mafi muhimmanci, gidan ƙasa yana da wa'adinsa na shekara: da an gama aikin kaka, rani ya shiga, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a hau soro a toshe tsaga, a fasa indararon da ya cushe, a sake baibaya ɗakin jinka da rumbu. Manomi da malami duk suna lissafin taurarin damina, Haƙ'a da Han'a da Zira'a da sauransu, kusan kowanne da kwanakinsa goma sha uku, kuma abin kunya ne tauraron farko ya kama magidanci bai yi yaɓe ba.

Sai kwano ya zo. Ba na cikin masu kukan cewa a koma soro, domin wanda ya taɓa kwana yana tara ƙwarya a ƙarƙashin yoyo ya san abin da ya raba mutane da shi, kuma azara ta yi wuya tunda giginya ta yi ƙaranci a dazuzzuka. Amma kwano ya shigo mana ba tare da iliminsa ba, wannan shi ne asalin musibar. Mutane suna zaton iska tura rufi take yi, alhali ɗaga shi take yi: idan ta bi ta saman kwano da gudu sai ta tsotse shi sama, idan kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta gabas, ta cika ɗakin, sai ta tunkuɗo shi daga ciki, ƙarfi biyu su haɗu a kan ƙusa. Je ka dubi rufin da iska ta yaye ta jefar a bayan gari, galibi za ka same shi ɗungurungum, kwano da katakonsa a haɗe, domin ba kwanon ne ya yage ba, katakon ne dama ba a ɗaure shi da ginin ba, an aza shi kawai a kan bulo an yaɓa masa ɗan siminti. Maganin wannan sananne ne ga kowane kafinta na ƙwarai: a binne langalanga ko rodi cikin linta a naɗe katakon da shi, a yi amfani da ƙusa mai hula a riɓanya ta a gefuna da kusurwoyi inda iska ta fi ci, kada a bar bakin kwano ya zarce bango da yawa, a ɗora masa rawanin bulo in da hali, kuma rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure wa iska. Kuɗin ɗaurin da ƙusar ba wani mai yawa ba ne. Amma mai gida yakan matsa wa kafinta a ciniki har sai ya rage ƙusa, kafinta kuma ya yi shiru don kada aikin ya kuɓuce masa, a ƙarshe a hau a jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufin, waɗanda in iska ta yi iska su ne za su faɗo kan mutane. Gine-ginen hukuma ma, azuzuwan makarantun firamare da ɗakunan shan magani na ƙauyuka, su ne sukan riga kowa rasa rufi, saboda dogaye ne, a fili suke, tagoginsu a ɓalle, kuma wanda ya yi kwangilarsu ba shi zai kwana ciki ba.

Gidan ƙasa kuwa ba guguwar farko ke kashe shi ba, malka ce ta watan Agusta, lokacin da ruwa zai kwana ya wuni yana zuba a hankali har bango ya sha ya ƙoshi. Ruwan da ya kwanta a gindin katanga yana cin ta daga ƙasa, rufin da ya jiƙe yana ninka nauyinsa a kan azarar da ta tsufa, rushewar kuma ta fi zuwa da tsakar dare, a kan mata da ƙananan yara. Amma kafin soro ya faɗi yakan yi gargaɗi: tsaga ta buɗe a kusurwa, ƙasa ta riƙa zubowa kan gado, ƙofa ta ƙi rufuwa, azara ta yi ƙara. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, wajibi ne ya kwashe iyalinsa zuwa zaure ko gidan maƙwabci a daren, ko da za a yi masa dariya da safe.

Batun itatuwa ba ya bukatar dogon bayani. Kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo da suka kewaye garuruwa su ne ke karya ƙarfin iska kafin ta iso gidaje, an sare su an yi gawayi. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, amma dashen da ba a killace shi daga awaki ba, ba a ba shi ruwa a ranin farko ba, biki ne kawai. Sai dai a kiyaye, dogonyaron da aka dasa jikin ɗaki aka bar shi ba sassabe, reshensa ma yakan zama ajali.

A gona hasarar ta fi ta gida yawa, ko da yake ba ta da mai ɗaukar hotonta. Wanda ya yi binne, ko ya yi shuka da ruwan farko, yakan ga iska ta kwaso yashi ta ƙone tsiron gero ko ta binne shi, dole ya sake neman iri. Takin zamanin da aka saya da bashi aka watsa a sama, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwashe shi zuwa kwari, alhali da an tona an rufe shi da ya zauna. Kunyar da aka ja ta bi gangara ta zama hanyar zaizaya, wadda aka gitta kuwa ta riƙe ruwa. Can ƙarshen damina, dawa da masara sun yi kai sun yi nauyi, iska ta zo ta kwantar da su. Mutanen fadama kuma nasu ya bambanta, domin ruwan da ke cinye shinkafar Kebbe da Kuchi sau da yawa ba a kansu ya zuba ba, can ƙasar Zamfara ya sauka, gulbi ya ɗauko shi ya kawo musu cikin dare ana sararin sama. An ga irin wannan a Satumbar 2010, lokacin da ruwan Gulbin Rima ya mamaye garuruwa daga Goronyo ya yanke gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. An gani a 2020 da ambaliya ta cinye shinkafar jihar Kebbi gab da girbi. An gani a 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya. A Agustan 2024 kuma Gummi, wadda ke sama da Kebbe a kan gulbi ɗaya, ta sha nata. Darasin da ke cikin wannan na kusa ne: in ruwa ya cika a Gummi, mutumin Kebbe yana da sa'o'in da zai janye injin ban ruwansa da dabbobinsa da buhunansa zuwa tudu, muddin akwai wanda aka ɗora wa alhakin buga waya, akwai kuma wanda aka ɗora wa alhakin yin shela.

Game da tsawa, camfi ya yi mana yawa. Aradu tana neman abin da ya fi tsawo a fili, shi ya sa makiyayin da ya fake da shanunsa a gindin itace guda a tsakiyar daji, da manomin da ya saɓa fartanya yana tafiya a kan tudu, da masunci a cikin kwalekwale, suka fi kowa shiga haɗari. Ƙarar tsawa tana cin kimanin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, saboda haka wanda ya ga walƙiya ya ji ƙara kafin ya ƙirga talatin, ya sani tana kusa, ya nemi ɗaki ko cikin mota. Wanda ta faɗa wa kuwa babu wata wuta da ta rage a jikinsa, ba a jiran maƙeri ko wani mai tsubbu kafin a taɓa shi. Jiran nan shi ke kashe wanda da an danna masa ƙirji an garzaya da shi asibiti da ya tashi. Wayar lantarkin da ta faɗo cikin ruwa ita ce ba a kusanta.

Bayan hadari ya wuce akwai wata ɓarnar mai zuwa a ɓoye. Masai ya cika ya tumbatsa, ruwansa ya gangara rijiyar da ba ta da baki, bayan kwana kaɗan amai da gudawa su ɓulla, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da aka ƙirga sama da mutum dubu ɗari da ake zaton sun kamu da kwalara a ƙasar nan, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Ɗaga bakin rijiya da rufe ta, da tafasa ruwan sha a makon da aka yi ambaliya, da karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar a watannin damina, duk suna cikin jure wa hadari, ko da yake ba a saba lissafa su a ciki ba.

Shari'a ba ta bar wannan babi ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, fuskarsa takan sauya idan ya ga hadari ya taso, don tunawa da Adawa da aka halaka da iska, kuma lokacin da ruwa ya yi mako guda yana zuba a Madina, wani mutum ya kawo kukan rushewar gidaje da yankewar hanyoyi, sai Annabi ya roƙi Allah ya karkatar da ruwan zuwa kewayen gari da tuddai da kwaruruka. Malamanmu sun yi rangwamen haɗa Magariba da Lisha a masallaci a daren ruwa, ko daren taɓo da duhu, don kada a wahalar da jama'a. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya karanta, an hukunta cewa wanda ya sayi 'ya'yan itace a kan uwarsu, ƙanƙara ko fara ta halaka sulusinsu ko fiye, a rage masa kuɗi gwargwadon hasarar. Masu sayen mangwaro a lambu tun yana ɗanye ya kamata su san da wannan. A Muhtasar na Halilu kuwa akwai mas'alar katangar da ta karkata: idan aka gargaɗi mai ita, ya sami lokacin gyarawa bai gyara ba, ta faɗi ta yi ɓarna, lamuni yana kansa. A nan iska ce ta kayar da katangar, amma alƙali ba iska zai kira ba.

Hukumomi suna nan, kowace da aikinta. Hukumar kula da yanayi, NiMet, takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, ta faɗi lokacin da ake zaton saukar ruwa da ɗaukewarsa. Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, su ke kai agaji. Sai dai agaji, bisa ɗabi'arsa, bayan ɓarna yake zuwa, kwano da katifa da buhun shinkafa, a raba wa wanda sunansa ya shiga takarda, a mayar da rufin yadda yake a da, da ƙusar da ta gaza bara. A ganina aikin da ya fi wannan araha yana hannun hakimi da dagaci da mai unguwa da limami: a watan Maris, mai unguwa ya ɗauki magini ɗaya da kafinta ɗaya da shaidu biyu, su zaga gida gida, su nuna katangar da ta karkata da rufin da ba a ɗaure ba da kwatar da aka toshe, a gargaɗi mai ita a gaban shaidu kamar yadda littafi ya ce. Za a tarar da masu hali da suka yi sakaci, waɗannan gargaɗi ya ishe su. Za a kuma tarar da gwauruwa mai marayu da tsohon da 'ya'yansa suka tafi cin rani Legas ko Fatakwal, waɗanda sun ga tsagar sarai amma ba su da abin biyan magini. Sunayen waɗannan su ne ya dace a miƙa wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da masu hannu da shuni na garin tun rani bai fita ba, samarin unguwa kuma a kira su gayya ranar da babu kasuwa, a kwaɓa ƙasa, a fara da bangon gabas.